Babi na Tara: Gajiya da Barci a Ɗakin Tuƙin Jirgin Sama

Gajiyar matuƙi tana cikin haɗurran sufurin jiragen sama da suka fi wuyar ganewa. Idan inji ya fara tangarɗa akwai fitilar da za ta kunnu, man jirgi ana auna shi kafin a tashi, hadari kuma na'ura tana hango shi tun daga nesa. Amma babu wani allo a gaban matuƙi da ke nuna masa ƙarfin da ya rage a ƙwaƙwalwarsa. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne wanda ya gaji ba ya iya auna gajiyarsa daidai. Yakan ji kamar yana nan garau, alhali hannunsa ya yi nauyi, tunaninsa ya ƙuntata, ya fara tsallake abubuwan da ba zai taɓa tsallakewa ba a ranar da ya ƙoshi da barci.

Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada, ba ta lissafa gajiya cikin kasala ko rashin kishin aiki. A wurinta wani hali ne na jiki da ke rage ƙarfin tunani da na aiki, wanda ke tasowa daga ƙarancin barci, da daɗewa a farke, da lokacin da agogon jiki yake nunawa, da kuma nauyin aikin da aka sha. Wannan fahimta ce ta ɗauke maganar daga hannun masu ladabtarwa ta kai ta gaban likitoci da masu tsara jadawalin aiki.

Inda gajiyar take fitowa

Yawancin manya suna bukatar barcin awa 7 zuwa 9 a kowace rana. Wanda ya samu 6 a maimakon 8 ba lallai ya ga bambanci a rana ɗaya ba, amma bashin taruwa yake yi, kuma bayan kwana huɗu a haka ya kai na dare guda cur. Daɗewa a farke ma tana da nata lissafin. A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun gwada mutane a aikin daidaita ido da hannu, suka gano cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba yana aiki kamar mai kashi 0.05 cikin 100 na barasa a jininsa, wato iyakar da ƙasashe da dama suka kafa wa direban mota. A awa 24 kuwa abin ya kai kusan kashi 0.10. Babu kamfanin da zai bar matuƙi ya hau kujera da wannan adadi na barasa a jiki, amma awa 17 a farke abu ne da ke iya samun duk wanda ya tashi da hantsi ya kama aikin dare.

Sai agogon jiki. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin halitta, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gicciya, wanda ke saita kansa da hasken rana. Shi ke faɗa wa jiki lokacin da zai saki sinadarin melatonin mai kawo barci, shi ne kuma ke sauke zafin jiki zuwa mafi ƙanƙantarsa gab da asuba. Dokokin Amurka da na Turai duk sun ware tsakanin ƙarfe 2:00 na dare zuwa 5:59 na safe a matsayin lokacin da kuzarin mutum ya fi yin ƙasa. Akwai wata raguwar, wadda ba ta kai wannan ba, bayan azahar, lokacin da mutane suka saba yin ƙailula.

Agogon nan ba ya tafiya da saurin jirgi. Idan mutum ya tsallaka yankunan lokaci, jiki yakan gyara kusan awa guda ne a kowace rana, kuma tafiya yamma ta fi tafiya gabas sauƙi, domin agogon jikin yawancin mutane ya ɗan zarce awa 24, don haka tsawaita yini ya fi masa sauƙi a kan gajarta shi. Fasinja zai zauna mako guda ya ware. Matuƙi kuwa kwana ɗaya ko biyu zai yi a otal ya juyo, ya kwanta lokacin da jikinsa ke cewa rana ce, ya tashi aiki lokacin da jikinsa ke cewa tsakar dare ne.

Sai dai ba dole sai an tsallaka yankunan lokaci ake galabaita ba. Tafiya daga Abuja ko Legas zuwa Landan kusan awa 6 ce, bambancin agogo tsakaninsu bai wuce awa guda ba, amma jirage da yawa da dare suke tashi su sauka da asuba, wato mafi wuyar aikin yana faɗowa ne daidai lokacin da jiki ya fi rauni. Haka jigilar alhazai daga Kano zuwa Jidda: tafiyar ba ta da tsawo sosai, bambancin agogo awa 2 ne kacal, amma sawu ne masu yawa cikin 'yan makonni, a kowane lokaci na dare da rana, kuma duk jinkirin da aka samu a ƙasa yana shiga cikin sa'o'in da matuƙi ya yi a farke.

Ɗakin tuƙin shi kansa yana taya barci aiki. Da zarar jirgi ya gama hawa ya daidaita a sama, na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ce ke riƙe da shi, aikin matuƙi ya koma sa ido: duba mai, duba hanya, amsa kiran rediyo jefi-jefi. Ga duhu, ga ƙugin inji da ba ya sauyawa, ga busasshiyar iska. Ɗan Adam ba gwani ba ne wajen zura wa abin da ba ya motsi ido na sa'o'i. Direban babbar mota da ya kwana a hanyar Kano zuwa Legas yana da ramuka da kwanoni da ke hana shi sakewa, kuma idan abin ya fi ƙarfinsa zai iya gangarawa gefen titi ya shimfiɗa tabarma. Matuƙin da ke saman Tekun Atlantika ba shi da ko ɗaya. Abin da kan biyo baya shi ne gyangyaɗi na 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci ido a buɗe, wanda mai yin sa ba ya ma sanin ya yi. A tsakiyar tafiya wannan ba ya cika jawo komai. A lokacin sauka kuwa, jirgi yana cin kimanin mita 70 a kowace daƙiƙa, don haka daƙiƙa 5 na rashin hankali tafiyar mita 350 ce.

Yadda aka kai ga kafa dokoki

Matsalar ta girmi jiragen fasinja na zamani. A ranakun 20 da 21 ga Mayun 1927 Charles Lindbergh ya tuƙa jirgi shi kaɗai daga New York zuwa Paris cikin awa 33 da rabi, kuma daren da ya gabaci tashin ma bai samu barcin kirki ba. Ya bayyana daga baya cewa sai da ta kai shi ga riƙe fatar idanunsa da yatsu. A shekarun 1950 jirgi mai tafiya nesa yakan ɗauki mutum huɗu ko biyar a ɗakin tuƙi: kyaftin, mataimakinsa, injiniya, mai duba hanya, da mai kula da rediyo. Na'urori suka riƙa cinye kujerunsu ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da Boeing 747-400 ya fara aiki a 1989, mutum biyu suka isa su tuƙa jirgin da a da sai da uku, alhali nisan da yake iya zuwa ya ƙaru.

An daɗe masu binciken haɗari suna ambaton gajiya a gefe-gefe, domin ba ta barin shaida a tarkace. Sauyin ya zo ne bayan 18 ga Agustan 1993, ranar da wani jirgin dakon kaya ƙirar DC-8 na kamfanin American International Airways ya faɗi gab da titin sauka a sansanin sojin ruwan Amurka da ke Guantanamo a Kyuba. Kyaftin ɗin ya shafe awa 23 da rabi a farke. Ya zaɓi sauka ta ɓangaren da ya fi wuya, wanda ke bukatar karya kwana mai tsanani, sannan hankalinsa ya maƙale wajen neman wata fitilar alama a ƙasa, wadda ashe ba ta aiki a ranar. Abokan aikinsa suna yi masa maganar gudun jirgin yana raguwa, bai ankara ba har fukafukan suka rasa ƙarfin ɗaukarsa. Dukansu uku sun rayu da munanan raunuka. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ambaci gajiya a matsayin musabbabin haɗarin, karo na farko ke nan da ta yi haka a wani babban haɗarin jirgin sama. Abin lura shi ne kyaftin ɗin bai yi barci ba. Hankalinsa ne ya tsuke ya koma kan abu guda, kuma wannan ma wata fuska ce ta gajiya da ke kashe mutane.

Haɗarin da ya sauya doka shi ne na jirgin Colgan Air mai lamba 3407, wanda ya faɗi a kusa da Buffalo a jihar New York ranar 12 ga Fabrairun 2009, ya kashe mutum 50. Mataimakiyar matuƙin tana zaune ne a yankin Seattle, can gaɓar yammacin ƙasar, kuma a cikin jiragen dakon kaya ta kwana tana ratsa Amurka don ta isa wurin aikinta a Newark. NTSB ta ɗora alhakin haɗarin a kan kuskuren da kyaftin ya yi lokacin da na'ura ta gargaɗe shi, amma ta ce akwai yiwuwar gajiya ta rage ƙwazon matuƙan biyu. Iyalan mamatan suka matsa wa majalisar dokoki lamba, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, ta fitar da sabuwar doka a Disambar 2011, ta fara aiki a Janairun 2014.

Dokar ta wajabta hutun aƙalla awa 10 kafin kama aiki, wanda dole ya ƙunshi damar barcin awa 8 ba yankewa. Ta taƙaita tuƙin matuƙa biyu zuwa awa 8 ko 9 gwargwadon lokacin da aka fara, ta kayyade tsawon aikin yini tsakanin awa 9 zuwa 14 bisa lokacin farawa da yawan sauka da tashi, ta kuma tanadi hutun awa 30 a jere cikin kowane mako. Ba ta tilasta wa kamfanonin dakon kaya ba, duk da cewa su ne suka fi kowa aikin dare. A ranar 14 ga Agustan 2013, wani jirgin kaya na UPS ya faɗi a Birmingham ta jihar Alabama kafin ƙarfe 5 na asuba, matuƙansa biyu suka mutu, kuma gajiya na cikin abubuwan da bincike ya ce sun taimaka. Turai ta fara aiki da nata tsarin na bai ɗaya a 2016: aikin yini awa 13 a mafi yawa, ya sauko zuwa 11 idan na dare ne, tuƙi kuma kada ya wuce awa 900 a shekara. Kowace ƙasa da ke cikin ICAO, har da Najeriya da Nijar, wajibi ne ta kafa irin waɗannan iyakoki ga kamfanoninta.

Idan tafiya ta wuce abin da mutum biyu za su iya, sai a ƙara matuƙi na uku ko na huɗu a riƙa karɓa-karɓa. Jirage irin su Boeing 777 da 787 da Airbus A350 suna da ɗan ɗaki mai gadaje a saman kawunan fasinjojin gaba, wanda mafi yawan matafiya ba su san da shi ba. Tafiyar Singafo zuwa New York, mai nisan sama da kilomita 15,000 da tsawon kusan awa 18, matuƙa huɗu ke yin ta. A Oktoban 2019 kamfanin Qantas ya yi gwajin tashi daga New York zuwa Sydney ba tsayawa, sama da awa 19, matuƙan suna sanye da na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa, ana kuma bin sawun melatonin a jikinsu. Barcin gadon jirgi bai kai na gida nauyi ba, saboda ƙara da girgiza da kuma zuwan lokacin hutu a sa'ar da jiki bai shirya ba, amma barci ne na gaske, mutum a miƙe.

Barcin da aka tsara

Inda gizo ke saƙar shi ne tafiyar dare mai awa 5 zuwa 8, wadda ba ta kai a ƙara matuƙi ba amma ta isa ta ratsa sulusin dare gaba ɗaya. Doka tana iya ba mutum sa'o'in barci, ba ta iya ba shi barcin. Matuƙin da zai tashi ƙarfe 11 na dare an ba shi yini ya huta, amma yana iya kwanciya da la'asar barcin ya ƙi zuwa, ko yaro ya hana shi. A 2013 ƙungiyar matuƙan jiragen sama ta Birtaniya, BALPA, ta sa aka tambayi matuƙa 500. Kashi 56 cikin 100 suka amsa cewa barci ya taɓa sace su a bakin aiki, kuma daga cikinsu kashi 29 suka ce sun farka sun tarar da abokin aikinsu shi ma yana barci.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta auna barcin matuƙa a cikin jirgi na gaske. A wani bincike da Mark Rosekind da abokan aikinsa suka wallafa a 1994, an bi matuƙa 21 masu tuƙa Boeing 747 a saman Tekun Fasifik, an manna musu wayoyin auna motsin ƙwaƙwalwa da na ido. Aka raba su gida biyu. An ba 12 damar runtsawa ta minti 40 a kan kujerunsu, ɗaya bayan ɗaya, a tsakiyar tafiya. Sauran 9 aka ce su ci gaba da aiki yadda suka saba. Waɗanda aka ba dama, barci yakan ɗauke su cikin ƙasa da minti 6, saurin da shi kansa alama ce ta mutumin da ke da bashin barci mai yawa, kuma sukan samu kimanin minti 26. A cikin minti 90 na ƙarshen tafiya, na'urorin sun kama alamun gyangyaɗi sau 120 a wurin waɗanda ba su huta ba, sau 34 a wurin waɗanda suka huta, duk da cewa su suka fi yawa. Daga fara gangarowa zuwa taɓa ƙasa kuwa, waɗanda ba su huta ba sau 22, waɗanda suka huta ko sau ɗaya. Wani abu da ba a cika ambata ba ya fi waɗannan alƙaluma faɗakarwa: wasu daga cikin waɗanda aka ce kada su yi barci sun yi abinsu, ga wayoyi a kansu, ga mai bincike zaune a bayansu.

Daga wannan bincike aka samo tsarin ɗan gajeren barci a kan kujerar tuƙi da Turai da Kanada da Ostareliya da wasu ƙasashe suka amince da shi. Ba a yin sa sai a tsakiyar tafiya, lokacin da aiki ya yi sauƙi, kuma kyaftin ne ke da ikon amincewa. Mutum ɗaya ne zai huta a lokaci guda. Kafin ya rufe ido sai su yi magana a kan inda ake, da yanayin da ke gaba, da abin da zai sa a tashe shi. Zai ja kujerarsa baya don kada hannu ko ƙafa su taɓa abin tuƙi, ya bar ɗamararsa a ɗaure. Ƙa'idar Turai ta ce kada hutun ya wuce minti 45, don barcin kansa ya tsaya a kusan minti 30, sannan a ba wanda ya farka minti 20 ya wartsake kafin a bar masa jirgi shi kaɗai. Dole kuma a gama komai aƙalla minti 30 kafin fara gangarowa. Ana sanar da shugaban ma'aikatan kula da fasinjoji, domin su riƙa kira suna tabbatar da cewa wanda ke gadi idonsa biyu.

Gajeren barci irin wannan ba ya biyan bashi, jinkirta shi yake yi na 'yan sa'o'i, amma yana iya riƙe mutum fiye da yadda ake zato. A 2015 André Borschberg ya tuƙa jirgin Solar Impulse 2 mai amfani da hasken rana shi kaɗai daga Nagoya ta Japan zuwa Hawaii, kusan kwana biyar a sama, da barcin da ba ya wuce minti 20 a kowane karo.

Magagi

Iyakar mintocin ba don rowa aka kafa ta ba. Barci hawa-hawa ne, kuma bayan kamar rabin awa mutum yakan nutsa cikin mai nauyi. Wanda aka tasa daga nan yakan tashi da magagi: idonsa a buɗe, yana magana, yana motsi, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta gama dawowa ba. A 'yan mintocin farko aikinsa yana iya fin na kafin ya kwanta muni, kuma abin ya fi tsanani ga mai bashin barci da aka tasa gab da asuba.

A Janairun 2011 wani Boeing 767 na Air Canada yana saman Atlantika da dare, daga Toronto zuwa Zurich. Mataimakin matuƙin ya nemi hutu, ya yi barcin minti 75 a maimakon 40 da ƙa'idar kamfanin ta yarda, ba a kuma sanar da ma'aikatan baya ba. Yana farkawa kyaftin ya gaya masa akwai jirgi yana tahowa ta gabansu, wani jirgin dakon kayan sojin Amurka da ke ƙafa 1,000 a ƙasa da su. Da farko ya hangi tauraruwar Zara ya ɗauka ita ce jirgin, kyaftin ya gyara masa. Da ya ga jirgin na gaskiya sai ya ga kamar daga sama yake yana gangaro musu, ya danna sandar tuƙi gaba da ƙarfi, wato ya nufi wajen da haɗarin yake. Jirgin ya sauka kimanin ƙafa 400 kafin kyaftin ya dawo da shi. Fasinjoji 14 da ma'aikata 2 da ba su ɗaura ɗamara ba suka ji rauni.

Na Indiya ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. A ranar 22 ga Mayun 2010 wani Boeing 737 na Air India Express ya taso daga Dubai da dare zuwa Mangalore, filin da titinsa ke kan tudu, da kwazazzabo a ƙarshensa. Na'urar naɗar magana ta nuna kyaftin ya yi barci na kimanin awa 1 da minti 40, har ana jin minsharinsa, ya farka tafiya ta kusa ƙarewa. Jirgin ya tunkari titin yana sama fiye da kima. Sau uku mataimakin yana cewa a fasa sauka a sake zagayowa, kyaftin ya ci gaba. Sai da suka wuce fiye da rabin titin tayoyin suka taɓa ƙasa, jirgin ya zarce ya faɗa kwazazzabon, mutum 158 cikin 166 suka mutu. Kwamitin bincike ya ambaci magagin barci cikin abubuwan da ƙila suka gurɓata hukuncin kyaftin. Masu adawa da barci a ɗakin tuƙi sukan kafa hujja da waɗannan haɗurra biyu, amma a duka biyun iyakar lokacin ce aka ƙetare da nisa.

Ɗaya haɗarin shi ne mai gadin shi ma barci ya kwashe shi. A 13 ga Fabrairun 2008, da hantsi tsaka, matuƙa biyu na wani ƙaramin jirgin fasinja daga Honolulu zuwa Hilo a Hawaii suka yi barci tare, suka wuce filin da za su sauka suka nufi teku, jami'an kula da zirga-zirgar jirage suna ta kira ba amsa. Daga baya aka gano kyaftin yana da ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci, wanda ke hana mutum hutawa ko da ya kwana a gado, bai kuma sani ba. A Agustan 2022 wani jirgin Ethiopian Airlines daga Khartoum ya ratsa ta saman Addis Ababa a ƙafa 37,000 bai gangaro ba. Rahotanni suka ce ƙarar da na'urar tuƙi ta yi da ta saki jirgin ce ta tashi matuƙan, kamfanin kuma ya dakatar da su don bincike. A 25 ga Janairun 2024, a wani Airbus A320 na Batik Air daga Kendari zuwa Jakarta a Indonesiya, kyaftin ya nemi izinin mataimakinsa ya kwanta. Mataimakin, wanda ke da tagwaye 'yan wata guda a gida, barci ya sace shi. Minti 28 babu mai ido biyu a ɗakin, jirgin ya kauce hanya, kafin kyaftin ya farka. Dukan jiragen uku sun sauka lafiya. Saboda irin wannan ne wasu manyan jiragen Boeing suke da na'urar da ke aiko saƙo, daga baya ta yi ƙara, idan an daɗe ba a taɓa wani maɓalli ba.

Saɓanin da ya rage

Amurka, inda aka yi binciken da ya haifi tsarin, ba ta halatta shi ga kamfanonin fasinjanta ba. FAA ta tsara daftarin jagora a farkon shekarun 1990, amma ba ta fitar da shi ba. Dalilan da ake kawowa uku ne: jama'a ba za su ji daɗin jin cewa matuƙi yana barci ba, jirgi mai matuƙa biyu ya koma hannun ɗaya muddin ɗayan ya rufe ido, sannan kamfanoni suna iya fakewa da shi su tsawaita aiki. Na farkon ba hujja ba ce ta tsaro. Na biyun gaskiya ne, sai dai hani ba ya kawar da barcin, agogon da ke ƙayyade shi da kiran da ke duba mai gadi kawai yake kawarwa. Na ukun shi ne mai nauyi, shi ya sa ƙa'idar Turai ta faɗa ƙarara cewa wannan hutu ba ya shiga lissafin hutun da doka ta wajabta, ba a kuma tsawaita aiki da shi. An tanade shi ne don gajiyar da ta zo ba zato. Idan matuƙan wata hanya suna bukatarsa a kowane sawu, jadawalin ne ke da matsala.

Gano irin wannan hanya shi ne aikin tsarin kula da haɗarin gajiya da ICAO ta shigar cikin ƙa'idojinta a 2011, wanda kamfanin Air New Zealand na cikin waɗanda suka fara gwada shi tun shekarun 1990. Maimakon a tsaya ga ƙirga sa'o'i, kamfani yana tattara bayanai: matuƙa suna ɗaura na'urar auna barci a wuyan hannu, suna cike takardar yadda suka ji a ƙarshen tafiya, kwamfuta kuma tana hasashen inda jadawali zai fi gajiyar da mutum. Idan wata hanya ta yi ta fitowa da mummunan sakamako sai a ƙara matuƙi, ko a ƙara kwana a masauki, ko a sauya lokacin tashi. Duk tsarin ya dogara ne ga matuƙa su faɗi gaskiya. Doka ta ba matuƙi dama, ta ma wajabta masa, ya ce bai isa ya tuƙa ba idan ya gaji, amma a kamfanin da faɗin haka ke jawo tambayoyi ko asarar kuɗi, rahotanni sukan yi ƙaranci ba don gajiyar ta ragu ba.

Sauran dabarun taimako ne kawai. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi da goro yana fara aiki bayan minti 15 zuwa 30, amma rabinsa yana nan a jiki bayan kimanin awa 5, don haka kofin da ya taimaka wajen sauka yana iya hana barcin otal. Ƙara hasken ɗaki, da hira, da miƙe ƙafa suna farfaɗo da mutum na ɗan lokaci. Magungunan barci kuwa akwai tazarar da likitocin sufurin sama suke gindayawa tsakanin shan su da kama aiki.

A 'yan shekarun nan masu ƙera jirage, musamman Airbus, sun nemi a ƙara matsawa gaba: a bar matuƙi ɗaya ya riƙe jirgi na sa'o'i a tsakiyar tafiya yayin da ɗayan yake cikakken barci, yadda mutum biyu za su yi tafiyar da yanzu sai da uku ko huɗu. Ƙungiyoyin matuƙa sun yi adawa da hakan. A 2025 wani bincike da hukumar tsaron sufurin jiragen sama ta Turai, EASA, ta ɗauki nauyi ya kammala da cewa da ɗakunan tuƙin da ake da su yanzu ba za a iya nuna cewa tsaron zai kai na matuƙa biyu ba. Cikin abubuwan da ba a warware ba akwai yadda jirgi zai gane cewa matuƙinsa ɗaya tilo ya suma ko barci ya ɗauke shi, da yadda wanda aka tasa cikin gaggawa zai karɓi aiki yana cikin magagi, da kuma wanda zai riƙe jirgin idan mai gadi ya bukaci zagayawa bayan gida.